Wa Zai Ji Tarin Baba da Asuba?

Ƴan uwana ɗalibai, akwai wata magana da ta zama yayi a bakinmu, ni kuwa na gaji da jin ta. Duk inda aka ɗora butar shayi, da zarar hira ta gangaro kan iyaye, sai ka ga wani ya gyara zama ya ce: ni dai in Allah ya buɗa mini, fitar da Baba zan yi daga zango, in sai masa gida a bakin teku ya huta. Wannan ya ce Fijirose a Kwatano, wancan ya ce Bagida a Lome, mai dogon buri ya ce shi Jidda zai kai nasa. Masu faɗin haka iri biyu ne. Akwai ƴaƴan ma'aikata, waɗanda ubansu ya kusa ajiye aiki, dillalan filaye sun cika masa waya da hotunan itatuwan kwakwa. Akwai kuma irinmu ƴan ƙauyukan Gure, da muke da tsofaffin da suka tafi bida tun suna samari, Legas ko Kwatano ko Akara, furfura ta riske su can. Duka biyun kuskure ɗaya suke yi: suna zaɓa wa tsoho unguwa da idon mai ɗaukar hoto.

Na san inda ciwon yake. Ƙasarmu ba ta da teku. Daga Bune sai ka yi tafiyar da ta haura kilomita 1000 kafin iskar ruwan gishiri ta taɓa maka fuska, shi ya sa bakin teku ya daɗe yana yi mana kwarjini. Tun shekarun 1950 Jean Rouch ya bi samarin Nijar da kyamara zuwa ƙasar da ake kira Gana yau, ya yi fim ɗin Jaguar, kuma tun kafin shi fatakenmu sun san hanyar Gwanja. To amma sha'awa daban, wurin zaman mai shekara saba'in daban.

Mu fara da ruwan kansa. A gaɓar Benin da Togo igiyar teku tana kwasar rairayi daga yamma tana kai shi gabas. Da aka gina tashar jiragen ruwa ta Kwatano da ta Lome a shekarun 1960, katangun tashoshin suka tare wannan rairayi. Yammacin tasha ya ringa samun ƙarin ƙasa, gabashinta kuwa teku ya shiga cin ta. A gefen Akpakpa, gabas da Kwatano, gidaje na siminti sun rufta cikin ruwa. A gabashin Lome tsohuwar hanyar da ke zuwa Aneho teku ya haɗiye ta, aka ja da baya aka yi wata. Bagidar da abokina ke mafarki tana wannan ɓangaren. Abin mamaki, mu ƴan Gure ne ya kamata mu fi kowa gane wannan. Mun tashi muna ganin tudun rairayi yana tafiya a hankali yana binne kwari, dabino ya nutse har wuya, gonar da kaka ya noma ta koma fako. Ba wanda zai sai fili a gindin tudu mai tafiya don wai inuwarsa ta yi masa kyau da la'asar. To don me hankalinmu ke tashi daga jikinmu in an ce teku? In dillali ya kawo maka fili a bakin ruwa da araha, arahar nan tana da dalili, shi kuma ba zai faɗa maka ba. Ban ma taɓo yadda iskar gishiri ke cinye kwanon rufi da ƙarfen taga ba, aikin da mai fansho zai yi ta biya har ya koma ga Allah.

Sai takarda. Nan ne matasa suka fi ba ni haushi, don tarihin bai yi nisa ba, kakanninmu suna raye suna ba da shi. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Busia ta Gana ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya bar ƙasar. Mutanen da suka yi shekara talatin a Akara da Kumasi suka saida gidaje da shaguna a wulaƙance, wasu suka bar su haka nan, suka hau manyan motoci. A Janairun 1983 Nijeriya ta Shehu Shagari ta yi nata, har jakar da aka kwashi kaya da ita ta samu suna. Kada kuma mu ɗauka mu tsarkaka ne: a ƙarshen 1963, lokacin rigimar tsibirin Lete, gwamnatin Diori Hamani ta kori ma'aikata ƴan Dahomey da suka yi shekaru suna aiki a ofisoshinmu. Kowace ƙasa a wannan yanki ta taɓa tashi da safe ta ce baƙo ya ishe ta.

Za ka ce wannan tsohon zance ne. To bayan 26 ga Yulin 2023 me muka gani? Gadar da ke tsakanin Gaya da Malanville ta rufe, mutane suka koma tsallaka kogi da kwale-kwale, tsofaffi da marasa lafiya da mata masu goyo. A 29 ga Janairun 2025 Nijar da Mali da Burkina suka fita daga CEDEAO gaba ɗaya. An ce za a ci gaba da karɓar takardunmu har sai an sake sanarwa. Ka ji fa, har sai an sake sanarwa. A kan irin wannan jimlar kake son kafa tsufan mahaifinka? A Gana kundin tsarin mulkin 1992 ya hana wanda ba ɗan ƙasa ba mallakar fili na har abada, haya ce kawai, ba ta wuce shekara 50. A Saudiyya zaman baƙo yana rataye da iƙama, iƙamar talaka kuma tana rataye da mai ɗaukar nauyinsa, ga tsoho ba mai ɗaukarsa aiki. Abu guda da zan yarda Kwatano da Lome da Abijan sun fi Akara da Legas da shi ga ma'aikacin Nijar, shi ne kuɗin sefa ɗaya ne, fanshonsa ba zai narke wajen canji ba. Iyakarta ke nan.

Yanzu bari in zo inda karatuna ya fi ƙarfi, wato harshe. Ku lura da kalmar ritaya kanta: aro ce. Manomin Bune ba ya ritaya. Ƙarfi ke ƙarewa, ya miƙa wa yara hauya, ya koma gindin bishiya yana raba gardama, yana sa albarka, ana kawo masa fura. Mafi yawan tsofaffinmu da ke bakin teku su ma ba su san wani asusun fansho ba. Mai shayi ne, mai gadi ne, ga-ruwa ne, mai tsire ne, mai saida albasa ne. Fanshonsu mutane ne: ɗan da ke aiko da jika biyar, maƙwabcin da ke leƙowa, mai shagon da ke ba da bashin sukari ba tare da ya rubuta ba, yaron da ya rena wanda yau ke da mota. Wannan dukiya ba ta shiga akwati. Ranar da ka ɗauke tsoho daga layinsa, ka ɗauke shi daga asusunsa.

Dukiyar nan kuwa da baki ake cin ta. Mu da muke gajarta gaisuwa a waya muna yi wa ta tsofaffi dariya: ina kwana, ina gajiya, ina gida, ya jiki, ya ƙafar nan, an samu barci? Ku saurare ta da kunnen mai nazari. Wannan duba lafiya ce da ake yi wa mutum sau goma kafin hantsi, kyauta. Wanda ya amsa da murya ƙasa-ƙasa, kafin azahar unguwa ta sani. Wanda ba a gani a sahun asuba ba kwana biyu, liman zai aika yaro. A gidan katanga mai ƙofar ƙarfe da maigadi, inda maƙwabci ke fita cikin mota gilashi a rufe, wa zai ji tarin Baba da asuba? Maƙwabcin nan ba mugu ba ne. Fon yake yi ko Mina ko Faransanci, kuma a tarbiyyar irin waɗannan unguwanni ba a ƙwanƙwasa ƙofar mutum sai an yi waya.

Wani zai ce ai Baba yana jin Fon, shekararsa arba'in a can. Haka ne, amma wane Fon? Na ciniki, na taya da ragi, na faɗa da ɗan kabu-kabu. Harshen kasuwa bai isa ya bayyana wa likita irin zugin da ke tashi daga ƙugu ya sauka a tafin ƙafa ba, bai isa ya yi wasiyya ba. Masu binciken harshe da tsufa sun daɗe da lura cewa harshen da mutum ya koya da girma shi ke fara zamewa in ciwon mantuwa ya kama shi, na yarinta shi ke saura. Ga ɗan Bune na yarintar ma wataƙila Barbarci ne ko Fillanci, Hausa ta biyu ce. Ina zai samu wanda zai amsa masa da Barbarci da tsakar dare? In akwai, a zango yake.

Na ga wannan a danginmu. Wani ƙanen kakana ya tsufa a Kwatano. Ɗansa ya samu a harkar motocin da ake fitowa da su daga tasha, ya gina gida mai kyau can bayan gari, ya ɗauke shi da gata, aka yi walima, hotuna suka iso mana har ƙauye. Me tsohon ya koma yi? Kullum da safe sai ya hau kabu-kabu ya yi doguwar tafiya ya koma bencin da ya saba zama a zango, ya wuni, magariba ya dawo. Gidan ya zama masaukin kwana. Da gwiwa ta hana shi hawa babur, sai ya yi shiru. Ɗan yana ta sayen magani, yana cewa Baba ya canza. Ba wanda ya zalunce shi, kowa alheri ya nufa, amma ba wanda ya tambaye shi kafin a zuba harsashin ginin.

Ita kuwa tsohuwa, haba, ko a cikin hirar ma ba ta fitowa. Kullum Baba, Baba. Alhali ita ce ta fi asara. Adashinta a zango yake, ƙawayen biki da suna a zango, ƴan kuɗin da take samu na ƙosai ko waina ko kitso daga ƙofar gida suke shigowa, makarantar islamiyyar da take zuwa da yamma a bayan layi take. Namiji ko ba komai zai hau babur ya gudu. Ita sai ta zauna tsakanin bango huɗu da talabijin.

Ku dubi kalmar zango ma. Asalinta wurin da ayari ke sauke kaya ya kwana, gobe ya wuce. Mutanen bakin teku suka ji ta a bakin fatake suka maida ta zongo. Wurin da aka raɗa wa sunan kwana ɗaya shi ne ya zama inda ake haihuwa, a yi aure, a binne mutum. A farkon ƙarni na 20 Malam Bako ya kafa Sabon Zango a Akara, daga baya Nima ta tashi, a Legas ga Agege da Idi-Araba. A cikinsu an gina abin da kuɗi ba ya saya a sabuwar unguwa: maigidan da ke sauke baƙo ya tsaya masa, sarkin zango da ke shiga tsakani in an yi rigima da ƴan ƙasa, liman, masu wankan gawa, da sanin hanyar da ake bi a samu kabari a maƙabartar Musulmi kafin rana ta faɗi. Eh, na ce kabari. Wanda ke zaɓa wa mai shekara saba'in unguwa bai tambayi inda maƙabarta take ba, wasa yake yi.

A nan zan ɗan karkace in taɓa ƴan ajinmu masu dariyar Hausar zango. In ɗan Akara ya ce matata ya zo, ko ya furta ƙ kamar k, ɗ kamar d, sai a fashe da dariya a ce ya ɓata harshe. Hausar Gana ta bar bambancin namiji da tamace, gaskiya ne, kuma tana da ƙa'idarta da take bi daram. Ita ce ta haɗa Bazabarme da Bamoshe da Babarbare da Bafillace a layi ɗaya suka zama dangi. A 2025 an rubuta a dokar ƙasarmu cewa Hausa ce harshen ƙasa, muka yi ta murna a jami'a. Mutanen zango sun riga mu da fiye da shekara ɗari, ba tare da wata doka ba. Rainin da muke yi wa bakinsu shi ne dai rainin da ke sa mu ga unguwarsu ba ta dace da uban mai digiri ba. A gaskiya kunyarmu muke son rufewa, sai mu laƙaba mata sunan hutun Baba.

Kada a ce na maida zango aljanna. Na san lambatu a buɗe, na san ɗaki ɗaya mutum takwas, na san bayan gida na layi da ake biya, wanda ga tsoho mai ciwon sukari azaba ce. Na kuma san zango shi ne abincin katafila. A 1977 hukuma ta rushe tsohon zangon Lome da ke tsakiyar gari, ta kwashe mutane zuwa can arewa, wajen Agoe. A Yulin 1990 aka share Maroko a Legas, mutane wajen 300,000 suka rasa matsuguni, yau wurin na masu kuɗi ne. Daga ƙarshen 2021 zuwa 2022 Jidda ta rushe unguwanni da dama, har da Karantina da Gulail, inda jikokin alhazan ƙasashenmu suka yi zamani. A 2024 Abijan ta yi nata a Boribana da Gesco. A Fabrairun 2002 an zubar da jini a Idi-Araba tsakanin Hausawa da Yarabawa. Duk wannan yana nan. Sai dai ku lura da abin da ya faru a Lome: da aka watsa mutane, wani zangon suka sake kafawa a inda aka zube su, da masallacinsa da kasuwarsa. Abin da suka fi tsoron rasawa shi suka fara ginawa.

Saboda haka in har tsoho ya ce shi a can zai ƙarasa kwanansa, aikinka ka taimake shi ya samu wuri mafi kyau a cikin mutanensa ko dab da su, inda ƙafarsa za ta kai shi masallaci da benci ba tare da babur ba. Kuɗin da za ka zuba a gidan bakin ruwa, gyara masa ɗaki a ƙasa ban da matakala, ka sa masa bayan gida nasa na kansa, ka ja masa famfo. Kada ka je duba unguwa a watan Disamba lokacin da ko'ina ya bushe. Je ka a watan Yuni, ruwa na zuba, ka ga inda yake kwanciya, ka dubi bangon maƙwabta ka ga tabon da ambaliyar bara ta bari. Kwatano tana kwance ne tsakanin teku da tafkin Nokuwe, a 2010 ruwa ya ci unguwanni. A Akara daren 3 ga Yunin 2015 ambaliya da gobarar gidan mai suka kashe mutane wajen 150 a tsakiyar gari. Ka fara da haya kafin saye, ko da yake a Akara masu gida kan nemi kuɗin shekara ɗaya ko biyu a dunƙule alhali doka wata shida ta ce. Ka tambayi sarkin zango tarihin filin kafin ka tambayi dillali. Ka auna nisan asibiti da mintin da za a yi cikin cunkoson safiya. Takardun zama kuma a gyara su tun Baba yana iya tsayuwa a layi.

Saura ɗaya ɓangaren, masu kishin gida, waɗanda na san tun ɗazu suna gyaɗa kai suna jin daɗi. Su maganarsu ɗaya ce: tsoho ya dawo gida kawai, kowa ya bar gida gida ya bar shi. Da ku ma nake. Ya dawo ya tarar da me? Mai hawan jini da ciwon sukari, wanda ya saba ya taka ƙafa ya sai magani a kan kwana, ka kawo shi inda in jiki ya motsa da dare sai an nemi mota zuwa Gure, in abin ya fi ƙarfin Gure a kama hanyar Damagaram, kilomita fiye da 150. Zafin watan Afrilu a nan ba irin wanda jikinsa ya saba da shi ba ne. Sa'o'insa da ya bari rabi sun rasu. Yara za su ringa kiransa ɗan Kurmi, suna kwaikwayon maganarsa a bayan idonsa. Matarsa wataƙila haifaffiyar can ce, ba ta taɓa jan guga a rijiya mai gaba ashirin ba. Ƴaƴansa da jikokinsa suna can. Mutumin da ya yi shekara arba'in yana baƙo a ƙasar wasu, mu maido shi ya zama baƙo a garinsu, mu ce mun yi zumunci?

Akwai waɗanda suke son dawowa da gaske, suna kuka da hawaye in an ambaci sunan garinsu, kuma haƙƙinsu ne a kanmu. Amma wannan ma aiki ne, ba a yin sa da baki a wurin shayi. Shekara nawa yana aiko da kuɗi, an sai awaki, an yi wa wane aure, an rufa ɗakin wance da kwano, an biya wa wasunmu kuɗin makarantar da muke taƙama da ita yau. Shi ɗakinsa ina yake? Wa ya ware masa ko da akuya ɗaya da sunansa? Kafin ka ɗauki waya ka ce Baba ka dawo gida, fara zuwa wurin baffanka da ke noma gonar gadonsa tun kafin a haife ka, ka zauna a gabansa, ka tambaye shi ko zai tashi daga kanta bana.